Gwaggo Mai Fure da Reshen Bayan Katanga

"Ajiye! Malam, don Allah ajiye abin nan!"

Muryar Gwaggo Mai Fure ce ta tsaga lambun da sanyin safiya, har mai faci da ke tsallaken titi ya saki tayar da ke hannunsa. Shekara da shekaru suna maƙwabtaka, bai taɓa jin ta ɗaga murya ba, balle a kan surukinta.

Surukin tela ne, mijin autarta. Ya zo taya ta aiki saboda ciwon gwiwa ya matsa mata. Yana tsaye goye da famfon feshi, a gabansa tukunya guda da ɗan gajeren fure a ciki, ganyensa ya jiƙe sharkaf.

"Inna, ƙwari na gani a ganyen, shi ne na ce bari in..."

Ta shafi ganye ɗaya, ta kai hanci. Maganin kashe ciyawa ne.

Famfo biyu gare ta iri ɗaya, na ƙwari da na ciyawa. Na ciyawan ta ɗaura masa jan tsumma, kuma duk mai aikin lambu ya san ma'anar wannan tsumman. Shi kuwa bawan Allah, mai son tsafta, da isowarsa ya ga tsumma duk dauɗa, ya kwance ya jefar. Da ya tashi feshi, sai ya ɗauki wanda ya fi kusa.

Kuma duk cikin furannin lambun, Gajera ya fesa.

Furen nan mai ƙaya da ke hawa katanga, wanda furensa ke kama da takarda mai launi, kowa ya san ba ya jin magana. Ka dasa shi bana, baɗi ya hau rufin ɗaki. To wata shekara Gwaggo ta lura da wani reshe guda a jikin wanda ke katangar lambunta, gaɓoɓinsa kurkusa, furensa cunkus, ya ƙi tsawo. Ta yanke shi ta kafa a tukunya, ta raɗa masa suna Gajera. Daga baya aka rushe katangar don a sake gini, uwar ta tafi. Gajera kaɗai ta rage, ba ta da ta biyu ko'ina. A wannan watan Gwaggo ta yi niyyar fara yankan rassanta, ta bar wa Auta su a matsayin jarin fara aiki, ita kuma ta je ta huta.

"Tiyo!" in ji Gwaggo. "Auta, buɗe ruwa!"

Auta ta fito daga rumfa da gudu, ta ga famfon, ta ga tsumman a cikin shara, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo! Kai wa ya aike ka? Ka san abin da ka kashe kuwa?"

"Ruwa na ce, ba surutu ba," in ji Gwaggo.

Gwaggo ta kwantar da tukunyar a gefe don kada ruwan wankin ya gangara cikin ƙasar, ta shiga wanke ganye sama da ƙasa. Mai faci ya tsallako da bokitinsa ba tare da an kira shi ba. Amma ta san wanki kaɗai ba zai isa ba, maganin ya fara shiga. Sai ta juya tukunyar. Gefen da ke jingine da katanga a bushe yake. Reshe ɗaya tal feshin bai taɓa ba.

Dole a yanke shi yanzu, kafin dafin ya zagayo. Ta zaro reza.

Mai faci ya ce abin da ya biyo baya shi ne bai taɓa ganin irinsa ba. Tela na tsaye kansa a ƙasa, kamar ƙasa ta tsage ya shige. Auta na hararsa, bakinta cike da magana. Gwaggo ta miƙa masa rezar.

"Malam, zo. Duk nan babu mai hannun yanka kamarka."

"Ni, Inna? Ni da na..."

"Kai ɗin. A karkace za ka yanka, ƙasan gaɓa, sau ɗaya ba gurzawa. Ka ɗauka shaddar mutane ce."

Ya durƙusa. Ya ja numfashi, ya yanka. Ya sake yankawa. Guntaye ne ƙanana, tsawon yatsa, bakinsu sumul. Gwaggo na karɓa tana zage ganyen ƙasa, tana cusa su a ledojin jiƙaƙƙen yashi, Auta na kife musu robobin ruwa da aka yanke gindinsu don su riƙe laima.

"To," in ji Gwaggo tana share fuska da gefen mayafi. "Sauran na Allah ne. Kai kuma gobe ka kawo min jan ƙyalle mai kyau, mu ɗaura wa famfon. Dama wancan ya tsufa."

Wanda ya san ta ba zai yi mamaki ba. Kullum kafin shagunan layin su buɗe, tana nan. Ta ajiye jaka a rumfa, ta canza takalmi, ta bi layin baƙaƙen ledoji da tukwane ɗaya bayan ɗaya tana tsoma yatsa a ƙasa. Mai ƙishi ta ba shi, wanda ya ƙoshi ta wuce. Masu yaɗo ta gyara musu igiya, masu son yin tsawo ta tsinke musu kai da farce don su cika ta gefe.

Lokacin da ta fara sana'ar, masu manyan gidaje ne ke zuwa sayen itatuwan inuwa. Yanzu zamani ya juya. Mutane sun koma bene, ɗaki biyu da barandar da ba ta fi faɗin tabarma ba. Kowa ya zo da waya a hannu yana nuna hoto.

"Gwaggo, irin wannan nake so. Ƙarami, mai fure kullum, wanda ba ya girma, ba ya mutuwa, ba ya son ruwa."

"To na roba kike nema, 'yata. Shagonsu na gaba, kusa da mai labule."

A yi dariya, sannan ta jero tambayoyinta. Ta ina rana ke shigo muku? Da safe ko da yamma? Akwai yara masu kai komai baki? Kina yawan tafiya? Sai ta ji amsa take ɗauko tukunya. Ta koyi rainon ƙananan itatuwan ado masu dunƙulewa, da masu yaɗon da ke tsayawa iya taga, da masu daɗewa waɗanda ke sake toho kowace shekara. Mai faci ya sha ganin ta mayar da mai babbar mota hannu wofi don barandarsa ba ta samun rana. "Ba zan ba ka abin da zai mutu a hannunka ka tsani fure ba," in ji ta.

Wasu masu lambun kuwa da suka ga kasuwar ƙanana ta buɗe, sai su datse mai tsawo su ce gajere ne. Wata nas da ke zaune a hawa na uku ta sayi irin wannan a wani wuri. Kafin damina ta fita ya cinye igiyar shanya, ya shiga tagar maƙwabta, har aka kai ƙara wurin mai gida. Ta zo wurin Gwaggo a fusace, idonta ya faɗa kan Gajera.

"Wannan fa? Ko nawa ne."

"Ba ta isa sayarwa ba."

"Ga ta cike da fure!"

"Fure ba shaida ba ne. Sai na ga damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, ba ta miƙe ba, sannan in buɗe baki in ce gajera ce."

Wannan taurin kan ne ya sa Gajera ta zauna ita kaɗai har ranar feshi.

Ba a daɗe ba ganyenta ya yi rawaya, ya zube. Wata safiya Gwaggo ta kankare bawon da farce, ta ga ya bushe har ciki. Ta ɗaga ranar ajiye aikinta, ta koma kan robobi.

Guntayen da ke ƙarƙashin robobin su ma suka fara baƙi ɗaya bayan ɗaya. Kowace safiya kafin ya buɗe shago, tela yakan zo ya tsuguna yana leƙen su, ya rame kamar mai jinya.

"Inna, in ɗan ja ɗaya mu gani?"

"Ka taɓa ganin an buɗe ɗinki don a ga ko ya kama?"

Da suka rage biyu, Auta ta daina zuwa wajen rumfar. Sai wata rana, Gwaggo ta ga ɗan tsiro kore kamar ƙwayar shinkafa a jikin ɗaya. Ta kira Auta da mijinta. Ta sa tafin hannu, ta kifa ledar a hankali, yashin ya zame. Ga saiwa fara sol, siririya, ta nannaɗe. Ta duba ta biyun. Ita ma.

Tela ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska da hula.

"Tashi mana," in ji Auta, tana dariya. "Ka ɓata wandon."

Gwaggo, ke ce kika tsaya a bakin titi, cikin rana da hayaƙin motoci, kina shayar da abin da ba ya iya cewa na gode. Ke ce kika sa matar da ke hawa na uku ta buɗe taga ta ga kore. Ba a rubuta sunanki a jikin ko tukunya ɗaya ba, amma ki ɗaga kai ki kalli barandun unguwar nan, aikinki ne ke lilo a kansu. Kuma ranar da aikin shekaru ya tashi lalacewa a gabanki, ba furen kaɗai kika duba ba, kin duba mutumin da ke tsaye kansa a ƙasa. Mun gode, mai hannun albarka. Allah ya huta gajiya, ya ba gwiwa lafiya. Masu sana'a, ku yi koyi: ku tambayi mai saye inda zai kai kayan, kuma kada ku kira abu da sunan da ba ku tabbatar ba.

Ranar da ta miƙa wa Auta makullin rumfa, ƙananan Gajera biyu sun yi furensu na farko, dunƙule, ja wur. Nas ta zo sallama, mai faci ya sa riga mai tsafta. Gwaggo ta rataya jakarta, ta yi wa kowa godiya, ta nufi bakin titi tana ɗingishi.

Sai ga wata baƙar mota ta tsaya, ta tare hanyar. Wani dogon mutum mai tabarau ya fito. Bai yi sallama ba, bai kalli layin tukwane ba. Kai tsaye ya wuce rumfa, ya sunkuya kan Gajera, ya gwada ta da hoton da ke wayarsa.

"Ni na sa hoton a intanet jiya," nas ta raɗa wa Auta. "Ban san..."

Mutumin ya miƙe. "Wa ke da wurin nan? Duka biyun zan ɗauka. Kuma daga yau ba mai sake yankan reshe ko ɗaya sai da iznin kamfaninmu na furanni, don mu za mu mallaki irin."

Auta ta dubi mijinta. Tela ya matsa ya tsaya tsakanin baƙon da tukwanen.

Gwaggo ta sauke jakarta a hankali, ta ajiye a ƙasa.

"Auta," in ji ta, "ba baƙo kujera. Ni ma miƙo min tawa."