Yaya da Kamfanin Wayata

Da na ajiye aikin ungozoma a asibitin Filinge, kowa ya san abin da ya kamata in yi da ɗan abin da na tara. Maƙwabta suka ce in sayi shanu. Abokan aiki suka ce fili a Yamai. Yayana kuwa, wanda ke noma gonar mahaifinmu a ƙauye, bai ce in sayi komai ba. Cewa ya yi in rufe gidana in koma wurinsa, ɗakin Inna yana nan babu kowa tun rasuwarta.

Mijina ya rasu da daɗewa, kuma Allah bai ba ni haihuwa ba, duk da cewa rabin samarin garin nan ni na yanke musu cibiya. A wurin Yaya maganar ba ta da wuya: mace ta tsufa, ba miji ba ɗa, sai gidan wanta. Ni kuwa na san abin da ɗakin nan yake nufi. Zan zama tsohuwar gida, wadda ake dire wa jarirai in za a tafi rijiya, a turo mata ƙwaryar gyaɗa ta ɓare, in ta ɗauki mayafi a tambaye ta ina zuwa. Ni da na saba da makullina a ƙulle a bakin zane. Fanshon gwamnati yana ciyar da ni, amma ba ya gyara rufi, ba ya kaiwa ga maganin hawan jini. Abin da na tara shi ne zai yanke ko in tsufa a gidana ko a ɗakin Inna.

Wata abokiyar karatuna mai sayar da magani a Yamai ita ta kai ni ofishin da ake sayen hannun jari. Aka jera mini kamfanoni, na nuna wani na waya mai rassa a ƙasashe da yawa har da tamu. Ban yi dogon tunani ba, don na riga na yi karatuna a bakin ɗakin haihuwa. Sau nawa na ga magidanci ya rantse ba shi da na allura, sannan ya koma gindin bishiya ya kira dangi kaf yana shelar an samu namiji? Mutumin da ba ya rasa kiredin waya ranar da ya rasa na magani, ai kamfaninsa ba zai mutu ba. Suka saka mini wani abu a salula, in jarin ya hau ya nuna kore, in ya sauka ya nuna ja.

Ranar Lahadi Yaya ya shigo kasuwa da amalankensa, ya biyo ta gidana kamar kullum, na gaya masa. Ya daɗe yana kallona.

"Auta, wanga abu da kinka saya, ina shike kwana?"

"Ba ya kwana, Yaya."

"Shina haihuwa?"

"Wani lokaci."

"To gwada min shi in gani."

Na rasa abin da zan nuna masa, sai na ja shi ƙofar gida na nuna dogon ƙarfen waya da ke bayan tasha. Na ce ina da rabo a cikinsa. Ya ɗaga kai ya bi shi da ido har sama, ya ce Allah shi kyauta, ya kama jakinsa. Kafin sati ya zagayo, duk ƙauyenmu an san na sayi ƙarfe. In rezo ya ɗauke, waya ta ƙi shiga, wurina ake aiko ƙara. Ban musa ba, nakan ce zan yi wa yarana magana.

Ana nan sai ga korona. Aka rufe Yamai, ba shiga ba fita, aka hana taro, motocin tasha suka yi layi suna shan rana. Wata safiya na duba salula na ga ja. Washegari ja. Na kira abokiyata, ta ce duniya ce gaba ɗaya ta yi ja, in yi haƙuri kada in sayar. Haƙuri da bakin mai kantin magani a shekarar annoba ai ba shi da wuya. Ni dai tsoro ya kama ni, irin wanda ban taɓa ji ba ko a gaban haihuwar da ta zo a gicciye. Can aƙalla hannuna yana da abin yi. Nan kuwa sai kallo, ina ganin gumina yana narkewa a cikin gilashi.

A cikin wannan hali Yaya ya zo. Ya tsaya daga nesa kamar yadda rediyo ya ce, ya ja rawaninsa ya rufe hanci, ya gaishe ni. Sannan ya ce, kamar wanda ke ba da labarin gona, ya sa an yi wa ɗakin Inna sabon yaɓe, an kuma canza azara kafin damina.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ban mutu ba ana auna mini likkafani.

"Wa ya ce maka zan zo?"

"Ba wanda yac ce. An dai ce ƙarhen naki ba shi da lahiya."

"Lafiyarsa lau! Duk wanda ya ɗaga waya ya kira wani a ƙasar nan, kamfanina ya ci. Ku ne dai masu kashe shi, ku 'yan bip."

Wannan gaskiya ce. Yaya bai taɓa kiran mutum ba tunda aka ba shi salula. Sai dai ya danna, ta yi ƙara sau ɗaya, ya kashe, ya zauna yana jiran a kira shi kamar hakimi. Ya ajiye mini ƙwan zabi a bakin zaure ya tafi.

Maganar da na yaɓa masa cikin fushi ita ta zauna mini a kai. In kira ne abincin kamfanina, to ni zan nemo masa abinci. Kuma Allah ya ba ni makami, don a garin nan babu matar da za ta musa wa ungozoma a kan maganar cuta. Duk wadda ta yi sallama a ƙofata, sai in leƙo da takunkumi har ido in ce, "Ke, ba ki ji abin da likitoci suka ce ba? Koma gida ki kira ni." Barka, jaje, bangajiya, duk na mayar da su waya. Wadda ta yi mini bip kuwa ta yi da bango. In ta gaji ta kira da gaske, sai in gyara zama. Ina kwana, ina gajiya, ina maigida, ina yara, kowane da sunansa tunda ni na karɓe su. In an gama mutane in shiga awaki. Wata da surukarta ta haihu ta kira don tambaya ɗaya a kan wankan jego, sai da na kai ta har kakar mijinta da ke Bonkuku. Ina ji tana cewa, "Madam, kiredi na zai ƙare," ina cewa, "Tsaya, ban tambayi ƙafar tsohuwa ba."

Kada a ɗauka ban san wauta nake yi ba. Na yi lakkwal, wato makarantar boko, na san gaisuwar matan unguwarmu ba za ta motsa kamfanin da ya ratsa ƙasashe ba. Amma duk kiran da na ja, sai in ji kamar na tura ɗakin Inna baya da taku ɗaya. Shawarar kuma ba ƙarya ba ce, zama a gida shi ne daidai. Riba biyu ke nan, ni dai ɗaya ce ta fi damuna.

Lahadin da ta biyo, da hantsi, salula ta yi ƙara. Na duba na ga Yaya. Na ajiye ta ina jira ta mutu. Ba ta mutu ba. Ta yi ta ƙara har na ce an yi rasuwa.

"Yaya, lafiya?"

"Lahiya lau. Kin kwana lahiya?"

Ya gaishe ni tsaf, ya tambayi jikina, ya tambayi maƙwabta. Sai gaisuwa ta ƙare masa. Ina jin iska tana kaɗawa, don sai ya hau tudun bayan gari yake samun rezo.

"Akwai magana ne?"

"Babu. Ina dai ba kamfani abinci. Ke yi ta magana, ni ba ni da ta cewa."

Dariya ta kusa kayar da ni daga kujera. Na ce to ya ba ni labarin jakinsa. Ya ce jaki lafiya. Na ce ƙara. Ya ce ya ci kara. Haka muka yi ta jan zance kamar masu jan guga da igiyar da ta ruɓe, har wayar ta yanke da kanta.

Tun daga ranar, kowace Lahadi sai ya kira. Matarsa ta gaya mini kuɗin ƙwan zabinsa duk a kan katin waya yake ƙarewa. Da farko labarin shuka ne da na tsutsa. Da abin faɗi ya ƙare masa, sai ya shiga tono na da. Ya ba ni labarin ranar da aka zo ɗaukar yara lakkwal, Baba ya ɓoye shi a rumbu don gona, aka miƙa ni a madadinsa saboda ni ba a rasa komai in na tafi. Ya ce ya leƙo ta saman rumbun yana kallo ana tafiya da ni, ina ta waiwaye, shi kuma yana kuka don ya ɗauka ba za a dawo da ni ba. Ban taɓa jin wannan ba. Mun tsufa tare ni da mutumin nan, amma zancenmu bai taɓa wuce gaisuwa da faɗa ba. Na wayi gari Lahadi ba kore ko ja nake fara dubawa ba, caji nake dubawa.

A hankali jan ya fara sassautawa. Duniya ta zauna a gida, kowa ya rungumi waya, kamfanonin waya suka farfaɗo. Wata rana na ga kore, na ƙi yarda, na goge gilashin da bakin zane. Daga baya har ɗan rabon riba ya shigo. Ba yawa, amma ya gyara rufin ɗakina ya bar na magani. Na san dai zan tsufa a gidana.

Da kaka, hanya ta buɗe, na sayi sukari da shayi da yadin riga na shiga motar ƙauye. Na tarar da Yaya a gindin rumbu ana ɗaurin hatsi. Tun kafin in zauna ya sanar da duk wanda ke wurin cewa ƙarfen Auta ya warke. Bayan an ci abinci ya laluba aljihu ya ciro salularsa a naɗe cikin tsumma, da sabon kati.

"Amshi ki zuba min. Idona ba shi ganin ƙananan lambobin ga."

Na karɓi katin. Na juya shi. Na sake juya shi. Launinsa ba na kamfanina ba ne. Na kunna salular, sunan da ya fito a sama na wani kamfanin ne, babban abokin gabarmu, wanda na yi wata da watanni ina yi wa fatan tsiya. Lambar Yaya tun da daɗewa na ajiye ta da sunansa, ban taɓa kallon farkonta ba. Ashe duk ƙwan zabin nan, duk hawa tudun nan cikin rana, maƙiyina yake yi wa kiwo.

Wayyo, abin da ya zo mini baki! Tsiyar da za ta ishe ni yi masa har ƙarshen rayuwa, a gaban matarsa da surukansa. Na riga na ja numfashi. Sai ya miƙe ya ce in zo in ga wani abu.

Ya kai ni ɗakin Inna ya tura ƙyaure. Sabon yaɓen yana nan sumul, azara sabuwa. Amma ɗakin cike yake da buhunan wake da harawa har kusa da rufi, ko wurin sa ƙafa babu.

"Na ga ba ki bukata tai," in ji shi. "Tunda mun tashe kamfanin, zamna gidanki."

Ya faɗi "mun" ɗin nan yana gyara rawani, kamar wanda ya fitar da saniya daga rijiya. Na dubi katin da ke hannuna. Na sa farce na kankare shi, na zuba masa lambobin ɗaya bayan ɗaya, na miƙa masa salularsa. Na tsaya ina kallon buhunan kamar ban taɓa ganin wake ba.

Sannan na ce, "Yaya, a janye buhu biyu daga wancan lungun. A bar mini wurin tabarma, in na zo in riƙa kwana biyu."

Ya dube ni a tsorace.

"In kina nan, wa za ni kira? So kike kamfanin shi sake hwaɗuwa?"