Ƙarfe Ya Ƙare wa Maƙeri

Ni maƙeri ne ɗan maƙeri, bokona kuma ya tsaya daidai inda aka fara lissafin rabawa. Amma ƙarfe dai na san shi. Wata shekara, gab da damina, masaba ta fara yi mini nauyi. In na ɗaga ta sai gari ya juya, ga manoman Adabka suna jiran garemani. Ɗana ya fara zancen in bar masa maƙera in koma tabarma.

A asibiti a Anka, wata ma'aikaciya sa'ar jikata ta ja fatar idona ta leƙa, ta ɗebi jini, ta dawo.

"Baba, ƙarfe ya yi ƙaranci a jininka."

"Ɗiyata, kwanan baya an ce dalma ta yi yawa a jinin mutanen Abare. Yau ni kuma ƙarfe ya gaza. Jikin mutum ne ko rumfar 'yan gwangwan?"

Ba ta yi dariya ba. Ta tambayi abin da nake sha. Na ce gahawa tare da kalacin safe, koren shayi mai ɗaci da na sauke hannu daga tuwon rana. Ta ce su ne ke tare ƙarfen da ke cikin wake da zogale kafin jiki ya ɗauka. Ba ta hana ni ba. Ta ce in ba da tazara mai tsawo bayan abinci, in ci hanta, ga ƙwayoyi.

Mai dafa shayin wani Buzu ne da ke gadin shagunan gefen maƙerata, kuma Buzu da maƙeri ba sa gaisawa sai da tsiya.

Na ce, "Bawana, ashe ƙarfena kaka sata da tsakar rana."

"Wane ƙarfe, tsoho? Da akwai shi cikinka da tuni ka ƙera shi ka sayar."

Na nemi ya ɗaga lokacin shayi. Ya ce butarsa ba ta san likita ba. Sai na daina leƙa shi da azahar. Shi kuma ya riƙa rage mini dahuwar ƙarshe har la'asar, salam kamar ruwan wanke kofi, yana shelar cewa ga na mai jego.

Garemanin wannan daminar ɗana ya ƙera su, duk karkatattu, manoma suka yi haƙuri. Da kaka na ce ya matsa ya kama zugazugi. Ya tsaya yana kallona har na gama lauje ɗaya ban nemi bangon dafawa ba, sannan ya zauna.