Yadda Goggo Asabe Ta Mayar da Gidan Makoki Aji

Ku da kuka zauna da Goggo Asabe kun san ba a yi mata magana idan rediyo ya fara sanarwar rasuwa. Ko ɗankwalinki ne ya kama da wuta, sai dai ki jira a gama. Za ta kara 'yar rediyonta da aka ɗaure da roba a kunne, mayafi na kan cinya, silifas na bakin ƙofa. Da ta ji an ambaci Gwale ko Ƙofar Ruwa, shi ke nan, ta miƙe. In kika tambaye ta ko ta san mamacin, sai ta harare ki, ta ce, "Musulmi ne dai ko? To na san shi." Kuma a ƙafa take tafiya tun daga gidanta da ke Jakara. A wajenta adaidaita sahu na marasa lafiya ne da masu kuɗin banza.

Ni Bilki, 'yar ƙaninta, kun san mun daɗe a Ingila da maigidana. Da muka dawo, Nabila 'yata tana shekara tara, muka sa ta a makarantar nan ta 'ya'yan baƙi, inda Turanci ne daga ƙofa har bayi. Tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, amma ba ta yi. Sau ɗaya ta gwada a gidan biki, yara suka kwashe da dariya, daga nan ta kulle baki. Abin yana cin raina wallahi. Ina kallon 'yata a tsakiyar danginta, a zaune kamar wadda ta zo rakiya, kuma na san laifina ne.

Ranar da na kai ta Jakara, tana shiga tsakar gida ta ɗaga hannu ta ce wa Goggo, "Hi!" Goggo ta waiga bayanta, ta leƙa ƙarƙashin kujera.

"Bilki, akuya ce ta shigo ake kora?"

"Goggo, gaishe ki take yi."

"A tsaye? Innalillahi! To ke me kike yi a kai?"

Na ce makarantarsu na da awa guda ta harshen gida ran Alhamis, kuma zan ɗauko mai lesin. Goggo ta tafa hannu, ta riƙe haɓa.

"A Kano? Cikin ganuwa? Ki biya a koya wa jikata Hausa? Kai, boko ya cuce ki. Ki kawo min Baturiyar nan duk Asabar, da hijabinta."

Ni a zatona tatsuniya za ta riƙa yi mata. Ashe! Asabar ta farko na koma ɗaukarta da la'asar, na tarar da Nabila da ƙura har gwiwa, ido ya yi ja. Gidan makoki uku suka je. A na farko, wai Nabila ta shiga ɗakin da takalmi, tana murmushi, ta nufi matar mamacin za ta rungume ta. Mata suka bi ta da kallo. Goggo ko gezau, ta janyo ta ta zaunar, ta ce, "Ku yi haƙuri bayin Allah, a jirgin sama aka haife ta, ba ta gama sauka ba."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Goggo! Yarinya ƙarama a gidan mutuwa? Wa ma ya rasu?"

"Ina na sani? A rediyo na ji."

"To don Allah me ya sa?"

Ta gyara zama kamar mai bayani ga ƙaramar yarinya. "Ke ba ki da lissafi. A gidan biki kowa ihu yake, ga dariya. A gidan makoki kuwa a hankali ake magana, magana ɗaya ake maimaitawa daga safe har yamma, kuma ba mai yi wa wani dariya. Wace makaranta za ta ba ki haka? Har da shinkafa da wake!"

Wallahi gaskiya ta faɗa. Kafin wata biyu Nabila ta iya durƙuso, ta iya "ya haƙuri", ta iya "Allah Ya sa ya huta". Matsalar ɗaya ce, duk Hausarta ta ta'aziyya ce. Babanta ya dawo daga Abuja, ta durƙusa ta sunkuyar da kai, ta ce masa cikin sanyin murya, "Allah Ya ba da haƙurin rashi." Mutumin nan ya saki jaka, ya dafa bango, yana tambayar wa ya mutu. Da na kai ƙara wajen Goggo, ta yi dariya har da ƙwalla, ta ce, "To ta ci aji ɗaya. Sati mai zuwa mu shiga gidan suna."

Labari ya kai makaranta, shugabarsu, wata Baturiya mai kirki, ta gayyaci Goggo ranar Alhamis. Aka kawo mata kujera mai juyawa, ta ce ba ta zo aski ba, ta shimfiɗa dardumarta a ƙasa. Yara goma sha wani abu suka kewaye ta, akwai 'yan Indiya, 'yan Labanan, Yarabawa, da namu 'yan gida da suka fi kowa tauna Turanci. Na matso zan yi tafinta, ta ɗaga min hannu.

"Koma can. Ga Baturiyata nan."

Nabila ta kalle ni kamar za ta yi kuka. Goggo ta ƙi kallonta, ta fara tambayar yaran ɗaya bayan ɗaya: da wane yare kakarka take yi maka faɗa? Dole Nabila ta juya tambayar, ta kuma dawo wa Goggo da amsa da Hausa, a gaban kowa. Tana yi tana tuntuɓe, amma tana yi. Wani ɗan Labanan ya ce shi ba ya gane abin da kakarsa take faɗa. Goggo ta sa shugabar ta kira tsohuwar a waya nan take. Ta karɓi wayar, ita tana Hausa, waccan tana Larabcinsu, suka shafe minti goma suna "to, to", ba mai jin wata. Da ta ajiye aka tambaye ta me suka ce.

"Mun gama magana. Ta ce laifin uwarsa ne."

Daga ranar aka sa doka a ajin, kowane yaro sai ya kira kakarsa ran Alhamis ya gaishe ta da yarenta. Shugabar ta so ta ba Goggo takardar yabo mai gilashi. Goggo ta jujjuya ta, ta tambaya ko za a iya rufe tukunya da ita.

Da Allah Ya karɓi abarsa, Goggo ta rasu, kun ga abin da ya faru a Jakara. Mata suka yi ta ɓullowa daga lunguna, waɗanda ba mu taɓa gani ba, kowace tana cewa Goggo ta zo musu lokacin nasu rashin. Ni kuwa kuka ya ci ƙarfina. Ana gaishe ni, bakina ya ƙi buɗuwa. Sai na ji murya a gefena tana amsawa, a nutse, ba gargada: "Haƙuri mun gode Allah. Amin, amin. Allah Ya ba da lada." Kwana uku Nabila tana karɓar gaisuwa a madadina. Wata tsohuwa daga Gwale ta ƙura mata ido, ta tambaya ko 'yar waye wannan mai hankali.

Nabila ta goge hawaye da gefen hijabi, ta ce, "Jikarta ce ni, Baba. A nan gidan nake."

Allah Ya jiƙan Goggo Asabe, Ya haskaka makwancinta, Ya saka mata da kowane taku da ta yi zuwa gidajen bayinSa. Ya sa ta tarar da masu tarbarta fiye da waɗanda ta je wa. Amin.