Randar auren yayata

A lise, wato makarantar sakandare, a Garwa, malaminmu na Ingilishi ya sha wahala kafin ya fahimtar da 'yan ajinmu kalmar smash. Ya ce ba fashewar tsautsayi ba ce, fasawa ce da ƙarfi, a yi wa abu raga-raga. Ni kam ban wahalar da shi ba, domin na taɓa ganin abin a tsakar gidanmu.

Akwai wata maginiyar tukwane, Kirista, 'yar duwatsun Mokolo, da ke zaune a bayan layinmu. Ita Inna ta sa ta gina wa yayata randar aure. Ana gobe za a kai kayan ɗaki ta kawo ta a amalanke, ja jawur, har maƙwabta na leƙowa. Da aka sauke sai ta ƙwanƙwasa cikin randar da bayan yatsa, kamar yadda take yi wa kowace tukunya kafin ta bar hannunta. Ta kasa kunne, ta sake ƙwanƙwasawa, fuskarta ta canja.

"Hajiya, wannan ta tsage a hanya. Muryarta ta mutu."

Inna ta duba ciki da waje, ba ta ga komai ba. "Haba Mama, ki rufa mini asiri. Gobe dangin miji za su duba kaya. A shafa mata siminti, wa zai sani?"

"Ruwa zai sani," in ji ta.

Kafin Inna ta sake magana maginiyar ta ɗauki taɓarya ta sauke wa randar a ciki. Ƙarar har yau tana kunnena. Aikin makonni ya zama tsingaro, kaji suka watse, ni kuwa baki buɗe, tsoro da sha'awar matar nan sun cika ni.

Inna ta yi faɗa har muryarta ta dishe. Aka kai amarya ba randa, dangin miji kuma ba su bar zancen ya wuce shiru ba. Sabuwa ta zo bayan biki, Inna ta karɓa ko sannu ba ta ce ba.

Bara na raka Inna gidan yayata, Inna ta tsufa, ido ya yi rauni. Ta sha ruwa mai sanyi daga randar nan ta biyu, sannan ta laluba ta ƙwanƙwasa cikinta. Randar ta amsa tangaran.

"Kin ji ko?" ta ce da ni. "Matar nan ta koma duwatsun Mokolo ban ce mata na gode ba."