Rakiya Ta Riga Mai Jiki Tafiya

Shekara takwas ke nan da muka rufe yayata Rakiya a maƙabartar Tsibiri. Da yawa cikin waɗanda suka zo jana'iza sun taho ne da zaton Baba ne ya cika, don shi ne ya daɗe kwance, ɓarin jikinsa a shanye. Sai suka tarar da shi a kan katifarsa yana kallon rufin ɗaki, mai jinyarsa kuwa ita ce a cikin makara. Aka yi ta salati ana cewa kwana ne ya ƙare. Ban yi musu ba, kwana na Allah ne. Amma ni na ga yadda aka ƙarar da ita da idona, kuma ba zan bari a maimaita ba ina numfashi.

Mu bakwai Baba ya haifa. Da ya faɗi a gonar gero aka kwaso shi gida, sai aka zauna shawarar wanda zai riƙe shi. Maza suka ce ɗa ba ya iya kallon tsiraicin ubansa. Mata suka ce suna ƙarƙashin wasu. Rakiya kuwa mijinta ya rasu, ta dawo gida da ɗiyarta Balki, sai wani ya ce, "Ai Rakiya tana gida." Shi ke nan, shawara ta ƙare. Abin da maza huɗu suka ji kunyar kallo, mace aka bar wa shi. Ni ina kabu-kabu da moto, wato babur, da safe nakan biya mu ɗaga shi tare kafin in shiga Maraɗi neman fasinja. Sauran yinin nata ne ita kaɗai. Ita ta ƙirƙiro dabarar gwado: ta shimfiɗa shi a ƙarƙashinsa, ta kama gefe guda ta ja, ya juya ba tare da ta karya bayanta ba. Duk daɗewarsa a kwance, Baba bai taɓa yin gyambon kwanciya ba.

Wanka da wanki da kwashe kashi ba su suka fi cinta ba. Dubiya ce. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, gidanmu ya cika. Dangi daga Sabon Gari, surukai, abokan kasuwar babban yayanmu Alhaji Sani, matan unguwa da goyo. A shimfiɗa tabarmi. Wa zai shimfiɗa? Rakiya. Wa zai kawo ruwa, ya dama fura, ya ɗora tukunya don bai kamata baƙo ya koma da yunwa ba? Rakiya. Su leƙa ɗakin, ba wanda ke wuce bakin ƙofa saboda wari, su ce, "Yaya mai jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Su dawo inuwa su yi hirar farashin gero har la'asar. Suna ce mata sannu da jinya da bakin da ke cike da tuwonta. In sun tashi, kwanoni na jiranta, shi kuma Baba ya jiƙa shimfiɗa tun azahar don ba ta samu kansa ba. A hakan kowa ya koma gida zuciyarsa fari, ya yi zumunci, ya samu lada.

Ta fara ɗaure kanta da ɗankwali tamau, har jijiyar goshinta ta fito. Tana sayen ƙwayar ciwon kai wurin masu talla tana haɗiya. Na ce ta hau moto in kai ta likita a duba. Ta ce, "Lawali, in na tafi wa za ya tsare shi? Kuma yau mutanen Sabon Gari na tafe, mi zan ce musu?" A bakin murhu ta faɗi, wata Juma'a, da muciya a hannu, tsakar gida cike da masu dubiya. A likita aka ce tansiyo ce, hawan jini, kuma ya daɗe a jikinta. Ba ta sake magana ba. Cikin duk waɗanda suka taka gidan nan suna tambayar mai jiki, ban taɓa jin wanda ya ce mata, ke fa, yaya naki jikin ba. Baba bai yi shekara a bayanta ba.

Nakan tambayi kaina abin da za ta ce da ta ga yau. Yanzu akwai kunzugun manya a shagunan magani, akwai kujera mai taya, akwai 'yar na'urar da za a ɗaura maka a dantse a gaya maka halin jininka kafin ka gama gaisuwa. Na san za ta juya kunzugun nan a hannu ta yi dariya, ta ce ina ma. Dangi kuma sun buɗe zaure a cikin salula, safe da yamma ana turo addu'a da murya, wani har da kuka. Wannan ma za ta yi dariya, ta ce gara su, ai ba su cin tuwo. Amma da ta leƙa Jiratawa watannin baya, dariyar za ta tsaya.

Ƙanen Baba, Baba Ɗanjuma, manomin lambu ne a Jiratawa. Damanar bara shi ma ya faɗi, irin faɗuwar wansa. Matarsa ta rasu, ɗansa guda yana Aljeriya. Aka sake zama shawara, mutanen nan dai, sai furfura da ta ƙaru. Balki yanzu ta girma, aurenta ya mutu, tana ɗinki a Sabon Gari tana riƙe da kanta da 'ya'yanta biyu. Alhaji Sani ya gyara zama ya ce, "Ai Balki ta gaji hannun uwarta." Kowa ya ce haka ne, Allah ya yi mata albarka. Ta rufe kekenta ta koma Jiratawa. Kuma Juma'a ba ta canja hali ba. Ranar da na shiga na same ta tana tuƙa tuwo, tsakar gida cike, kanta ɗaure da ɗankwali tamau, sai na ga kamar Rakiya ce ta dawo.

Ban yi wa kowa wa'azi ba, ban iya ba. Juma'ar da ta biyo na riga kowa zuwa. Na naɗe tabarmin gidan kaf na kai ɗakin ajiya na kulle. Na juye tukunya. Na ajiye bokiti da sabulu da tsintsiya a zaure, na zauna kusa da su. Duk wanda ya yi sallama in amsa, in tambaye shi wanne zai ɗauka: ɗiban ruwa, wankin zannuwa, ko shiga ciki mu juya tsoho. Wasu suka zaci wasa ne. Da Alhaji Sani ya iso da babbar rigarsa sai ya tsaya yana dubana.

"Kai Lawali, ni za ka miƙa wa bokiti? A gidan ubana?"

"Gidan ubanka ne, Yaya, shi ya sa. Baƙo ba a ba shi bokiti."

"Buhun shinkafar da ake ci a nan wa ya kawo shi?"

"Kai. Kuma kai da mutanenka kuke cinye shi, Balki ce dai ke dafawa."

Ya kira ni marar tarbiyya, ya ce zama bisa moto cikin rana ya taɓa mini kai. Ya juya ya tafi, rabin masu dubiya suka bi shi.

Ba zan ɓoye ba, abin ya zo da asararsa. Gida ya yi tsit. Baba Ɗanjuma da kansa ya kira ni, da bakinsa da ya karkace, ya ce, "Ka kore mini mutane. Ko ba su shigo ba, ina jin muryarsu." Maganar ta soke ni, don gaskiya ce. Tsoho ba wanka kaɗai yake buƙata ba. Na ce masa, Baba, ban hana kowa zuwa ba, na dai hana a zauna a kan yarinyar nan. Ya juya fuska bango. Sannu a hankali wasu suka dawo. Ba su da yawa, amma waɗanda suka dawo sukan zo da abincinsu a kwano, su wuce har bakin katifa su zauna, wata ta kama wanki, wani ya yi masa aski. Hirar da yake so yanzu a gabansa ake yin ta, ba a bayan bango ba.

Kowace shekara in ranar rasuwar Rakiya ta zagayo, mukan yi sadakar waina. Bana na tarar Balki ta jiƙa shinkafa, za ta tsaya bakin tanda yini guda don a yi wa uwarta addu'a. Na ce ba za a hura wuta ba. Ta ce, "Kawu, mutane za su ce mi?" Na ce su ce abin da suka ce wancan karon, kwana ya ƙare. Na ce yau likita za mu a auna ta, ta sa mayafi. Muna fitowa sai ga Alhaji Sani, ya zo sadakar ƙanwarsa, karo na farko tun ranar bokiti. Na ce, "Yaya, ga Baba Ɗanjuma nan, ba kowa a gidan, gwadon Rakiya na ƙarƙashinsa." Ban jira amsa ba na tada moto.

An auna Balki. Jininta ya hau, ba kaɗan ba. Aka ba ta magani, aka ce ta rage gishiri, ta riƙa barci, ta riƙa dawowa awo. Ma'aikaciyar ta ce an zo da wuri. Na ɗauko ta bisa moto muka kama hanyar Jiratawa.

Da muka koma, babbar rigar Alhaji tana rataye a igiya, shi yana zaune bakin ƙofa da 'yar shara, hannuwansa jiƙe har gwiwar hannu. Bai dube ni ba, kuma har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau. Daga ciki Baba Ɗanjuma ya ce, "Sani ya juya ni kamar buhun albasa, amma dai ya juya ni."

Rakiya ba ta bar gona ba, ba ta bar gida ba. Ta bar gwadon nan, ya koɗe amma bai yage ba, yanzu hannun maza ke jan sa. Ta bar ɗiya guda, wadda ta koma kan kekenta a Sabon Gari kwanakin da ba nata ba ne a Jiratawa, tunda yanzu mun raba kwanakin jinya. Ku masu karatu, in kun je dubiya, ku dubi wadda ta buɗe muku ƙofa kafin ku tambayi mai jiki. Ni dai kowace Juma'a ina zaure da bokitina. Bayan azahar Balki tana barci, kuma duk wanda ya yi sallama da ƙarfi, ko waye shi, waje zai jira har ta tashi.