Manaja a Ƙaramar Kujera

Sana'ar Yayata koya wa mutane neman aiki. Kuma ba yara take koya wa ba, manya ne: akantoci, masu digirin kasuwanci, waɗanda suka gaji da wani ofis suna son tsallakawa wani. Ofishinta ɗan ɗaki ne a saman shagon magani, tebur ɗaya da kujeru biyu. Ita ta hau babbar ta zama mai ɗaukar aiki, kai kuma ka zauna a ƙaramar ka sha tambayoyi har gumi ya keto maka. Ba ta da sassauci ko kaɗan. Na ga ƙato ya fito daga ɗakin nan yana share ido, bayan wata ya dawo da albishir.

Sai bankin da mijinta yake aiki ya rufe reshensa. Mutumin nan shekara da shekaru shi ne manaja, har 'ya'yansa Manaja suke ce masa in suna tsokana. Ya zauna a gida wata da watanni, kullum sai ya sa kwat da safe, sannan ya zauna a falo yana gyara wa mai karanta labarai magana.

Da ƙyar Yaya ta lallashe shi ya zo ofis, a gabana aka yi. Yana shiga ya wuce kai tsaye ya zauna a babbar kujera.

Yaya ta nuna masa ƙaramar. "Baban yara, taka ce waccan."

Ya koma yana ƙunƙuni. Ta ce, "Me ya sa kake son aiki da mu?"

"Wannan ai ba tambayar farko ba ce. Da ni ne, sai na fara da inda mutum ya baro."

"Ba kai ne ba yanzu. Amsa za ka ba ni."

"To ke me ya sa kuke neman mutum? Wanda ya bar gurbin, me ya kore shi?"

Na yi dariya a ranar, Allah ya yafe mini. Ba girman kai ba ne. Rabin rayuwarsa shi ke tambaya wasu na rawar murya, bakinsa bai san wata hanya ba. Da wani baƙo ne, da Yaya ta fatattake shi har ya gyaru. Amma wannan tare za su koma gida.

An kira shi intabiyu a wurare da dama. Duk inda ya je sai ya dawo da fara'a: "Yaran da suka yi mini tambayoyin suna da ƙoƙari, na ba su shawarwari." Yaya ta dube ni, na dubi ƙasa. Babu wanda ya sake kira.

Wata safiya ina gidan, tana goge masa farar riga saboda wata intabiyun, ya tsaya a bakin ƙofa da singileti.

"Maman yara, ke kin san aikin nan. Tsakaninki da Allah, da ke ce, za ki ɗauke ni?"

Ta ci gaba da guga a wuyan rigar, wuri ɗaya, ba ta ɗago ba. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina don tausayi.

Ya jima yana jira. Sannan ya matso ya zare wayar dutsen gugar daga bango.

"Bar ta haka," ya ce. "Kada ki gajiyar da kanki."