Gas Ɗin Vernon Ba Ya Ƙarewa

Vernon Ostrander mutum ne da bai taɓa yin kuskure ba, in dai shi aka tambaya. Ƙuruciyarsa ta ƙare a tuƙin motar share ƙanƙara a jihar Montana ta Amurka. Da ya ajiye aiki sai ya sayar da gidan da matarsa Marlys ta raini 'ya'yansu a ciki, ya sayi tirelar tafi-da-gidanka. Bai shawarce ta ba, labari kawai ya ba ta.

A goshin tirelar akwai tukwanen gas biyu da wata 'yar na'ura a tsakaninsu. In tukunyar farko ta ƙare, na'urar kan koma zuƙar ta biyu da kanta, wani ɗan ido a jikinta ya yi ja, alamar a je a ciko wadda ta ƙare. Duk inda suka yada zango sai Vernon ya tara maza ya bugi ƙirji: "Ni gas bai taɓa yanke mini ba. Iya saiti ne, ba sa'a ba." Marlys tana gefe tana shanya.

Bana da sanyi ya fara shigowa ta gaji, ta haɗa kayanta ta koma wurin 'yarsu a garin Billings. Abin ya ci Vernon ƙwarai, amma ya gwammace a yanka shi da ya furta. Da bikin godiya da Amurkawa ke yi duk shekara ya matso ya kira ta, ya ce ta zo cin talo-talo, shi zai gasa da hannunsa. So yake ta ga ya canza ta dawo.

Ta iso da hantsi, ta zauna da jakarta a cinya. Ya murɗa murhu. Shiru. Ya fita ya kwance tiyo ya hura, ya shafa ruwan sabulu a mahaɗa yana neman kumfa, ya tsine wa maƙeran na'urar tas. Talo-talo kuwa yana kwance ɗanye a faranti.

Maƙwabcinsa Duane, wanda ya sha jin cika bakin nan, ya leƙo. "Sarkin gas, ka ɗaga tukwanen kuwa?"

"Kai, tafi can! Biyu za su ƙare tare?"

Duane ya kwance maɗaurin, ya jijjiga su. "Wannan wayam. Wannan ma. Ga idon nan jawur kamar na mashayi, dattijo."

"Tun da na sayi tirelar nan idon nan bai taɓa yin ja ba!"

"Ya sha yi, Vernon." Marlys ce a bakin ƙofa. "Ni nake dubawa kowace safiya. In ya yi ja, in jira ka tafi kamun kifi, in ciccibi tukunyar in kai a cika. Me kake tsammani ya lalata mini kafaɗa?"

Shi dai a saninsa raki ne irin na tsufa, kuma ya sha gaya mata haka. Duane ya sulale. Kunya ta rufe Vernon, tsoro kuma ya biyo baya, don ya ga ta rataya jakarta ta nufi mota.

Ya bi ta da sifana a hannu. "To me ya hana ki faɗa mini?"

Ta tada mota, ta sauke gilashi kaɗan.

"Na faɗa. Kana magana ne a lokacin."